Daminar da Muka Binne Daneri

Bana ruwa ya yi mana rowa a Nariya. Hadari zai haɗu daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari ƙasa tana nan a bushe. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida na miƙe ƙafafu, don gwiwoyina yanzu ba sa son lanƙwasa, sai maƙwabcina Malam Idi ya wuce da shanun huɗarsa zai kai su shan ruwa. Na hagun yana ɗan ɗingishi. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce masa ya bar san nan ya huta bana ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam Sale, in ya huta wa zai yi mini huɗa?" Tambayar da na taɓa yi wa mahaifina ce, kusan shekara ashirin da suka wuce.

Waccan shekarar ta zo mana ne a bayan wata mummunar kaka. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, dawa ta yi kai babu ƙwaya. Kafin bazara ta raba tsakiya da tsintsiya ake shiga rumbunmu. Mu Fulani ne da muka daɗe da zama, kakana ne ya kafa gidan, shanun kiwo kuwa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wasu a cuta, wasu a kasuwa. Abin da ya rage a turke bijimai biyu ne na huɗa: Ɓaleri, baƙi, matashi mai taurin kai, da Daneri, fari, wanda ya tsufa a hannunmu.

Mahaifina, Baffa, shi ya karɓi haihuwar Daneri, shi ya hore shi. Sa ne da ba ya bukatar mai ja. In an kai ƙarshen kunya da kansa yake juyawa, ya ja Ɓaleri ya bi. Amma tun kaka gwiwarsa ta dama ta gaba ta kumbura kamar ƙaramar duma. Da safe in zai tashi sai ya ɗaga baya, ya tsaya a durƙushe yana nishi, ya daɗe kafin ya miƙe. Mun shafa man shanu da kanwa, mun dafa sassaƙe mun ɗura masa, mun yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Duk a banza.

Baffa ma ciwonsa ke nan. Sanyin ƙashi ya cinye masa gwiwoyi, sallarsa a zaune, tafiyarsa da sanduna biyu. Duk da haka kowace safiya sai ya ja jiki zuwa turke, ya zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife, yana sosa wa Daneri wuya yana yi masa magana da Fillanci.

Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba. Rijiya sai an jira ta tara kafin a sami rabin guga. Tabarma da kanta zafi take yi a inuwa. Matata Dije ta mayar da girki sau ɗaya a yini, ta ƙara ruwa a kunu, ta cika akushi da kwaɗon zogale. Yaranmu huɗu suka daina wasa da rana, sai su kwanta a zaure kamar kaji masu mura.

A wata ranar kasuwar Kibiya aka yi shela cewa likitocin dabbobi daga wata jami'a suna neman shanu masu ciwon gaɓɓai. Na ba da sunana. Bayan kwana uku mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, wata mace siririya ta fito da hijabi da takalmin roba har gwiwa. Ta ce sunanta Dakta Rabi. Ta durƙusa ta gaida Baffa, sannan ta wuce turke ta daɗe tana mammatsa gwiwar Daneri, tana auna kaurinta da tef irin na tela.

Ta dawo ta zauna a tabarma ta ce, "Baba, zan gaya muku komai, in ba ku yarda ba babu laifi. Akwai sabon maganin ciwon gaɓɓai. An gwada shi a jikin ɓeraye, yanzu muna so mu gani a jikin manyan dabbobi. In ya yi kyau, wata rana zai iya kaiwa ga mutane. Wasu shanun za a yi musu allurar maganin, wasu kuma allurar da babu komai a ciki. Ni kaina ban san wanda zai sami wanne ba."

Baffa ya ce, "Likita ba ta san abin da ke cikin allurarta ba?"

"Da gangan aka ɓoye mini, Baba, don kada idona ya ga abin da zuciyata take so."

Wannan ya burge shi. Ya gyaɗa kai.

Ta ce za su riƙa kawo wa san dusa da harawa duk mako. Sharuɗɗa uku ne: wata uku ba za a sayar da shi ba, ba za a ci namansa ba ko ya faɗi, kuma ba za a ɗaura masa karkiya ba. Na ƙarshen sai da ta maimaita tana kallona. Na ce na ji. A lokacin ban ga wata damuwa ba, don san da ba ya iya tashi wa zai sa shi huɗa? Baffa ya dangwala yatsa a takarda.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa Dakta Rabi ba. Dusar nan ba Daneri kaɗai ya ci ta ba. Dije takan ɗiba ta tankaɗe ta da rariya, ɗan garin da ya fita ta haɗa da abin da muke da shi ta yi tuwo. Yana da kaushi, yana shaƙe maƙogwaro, yara suna ci suna korawa da ruwa. Amma sun ci.

Duk Laraba Dakta Rabi take zuwa. Sai ta ja layi a ƙasa, in kora Daneri ya bi, ita tana tsugune tana kallon yadda yake sauke ƙafa tana rubutawa. Bayan allura ta biyu, wata safiya na fito na tarar da shi a tsaye. Ban ji nishinsa ba. Kafin mako ya zagayo yana ture Ɓaleri a wurin cin harawa, yana tonon ƙasa da kofato kamar ɗan maraƙi. Kumburin yana nan bai ragu ba, amma ɗingishin ya tafi.

Laraba ta gaba Baffa ya jira har ta gama rubutu. Ya naɗe wandonsa ya nuna mata gwiwoyinsa.

"'Yata, ni fa?"

"Baba, ba a yi wa mutum ba tukuna."

"To ki fara da ni. Zan dangwala miki yatsu goma. Shekara shida goshina bai taɓa ƙasa ba."

Ta dubi gwiwoyin nasa. Sannan ta ce, "Wallahi da na san ba zai cutar da kai ba, da na yi. Ban sani ba. Abin da nake nema ke nan a jikin san nan." Ta ba shi shawara ya je asibiti a Rano. Ya sauke wandonsa ya ce mata Allah ya yi albarka, bai sake tayar da zancen ba.

Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, tsiro ya fito. Daga nan sama ta rufe. Muna kallo geron ya murɗe ya koma kamar zare, ya ƙone. Aka fita roƙon ruwa sau biyu a filin idi, tsofaffi suna kuka. Irin da ya rage mana na dawa ne, a ɗaure cikin wani tulu da Dije ta liƙe bakinsa da laka don kada hannunmu ya kai gare shi.

Da ruwan ya tashi dawowa sai ya zo gaba ɗaya, kwana biyu yana zuba. Damina ta riga ta yi nisa. Kowa ya san wanda bai yi huɗa ya shuka a cikin makon nan ba, ya yi asarar shekara. Yanzu mutum zai ɗauki waya ya kira mai tarakta. A lokacin ƙafa ce waya. Na zaga Nariya, na taka har Kahu ina neman wanda zai ara mini sa guda in haɗa da Ɓaleri. Kowa nasa yana cikin karkiya tun asuba, kuma akwai masu jira a bayansa. Mai kirkinsu ya ce in dawo bayan kwana goma.

Na dawo gida da laka har ƙwauri. Daneri yana tsaye a turke, ya yi ƙiba da dusar jami'a, fatarsa tana sheƙi. Na shiga ɗaki na ɗauko karkiya.

Baffa yana kan turminsa. Ya ce, "Ina za ka da ita?"

"Gona."

"Mun yi wa yarinyar nan alkawari."

"Baffa, dube shi. Ya warke."

"Bai warke ba. Ciwon aka ɗauke masa, cutar tana nan. Kai ba ka san wannan abin ba, ni na san shi. Ciwon nan shi yake ce mini in zauna. Ranar da ya daina yi mini magana zan taka har in karye."

Na ce, "In ya huta wa zai yi mini huɗa? Dakta Rabi za ta ciyar da jikokinka baɗi?"

Ya dubi ƙofar ɗaki inda ƙaramar 'yata take zaune da cikinta a kumbure, ya dubi san. Ya ce, "Ka riƙa kwance shi kafin rana ta take." Ya ɗauki sandunansa ya shige ɗaki.

Kwana huɗu Daneri ya yi huɗa irin wadda bai yi ba tun yana matashi. Ƙasa ta jiƙa, garma tana shiga kamar a cikin tuwo, ƙamshin danshi yana tashi. Ina riƙe da garma, Dije tana biye tana shuka. Ban kwance shi kafin rana ta take ba. Na ga yana tafiya, sai na ce bari a ƙara kunya ɗaya, bari a ƙara wata. Da yamma in taɓa gwiwar in ji ta da zafi kamar tukunyar da aka sauke, in zuba mata ruwan sanyi in ce gobe ne na ƙarshe.

Ranar ta biyar, da hantsi, saura kamar kashi ɗaya cikin uku na gonar, muna tsakiyar kunya na ji ƙara, kamar an taka busasshen kara. Daneri ya tafi ta gaba, ya ja Ɓaleri suka durƙushe. Na saki garma na yanke igiyar karkiya. Ƙafar ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa.

Bai yi kuka ba. Abin da har yau yake tsaya mini ke nan. Ya yunƙura ya miƙe, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar, ta lanƙwashe, ya faɗi. Ya sake miƙewa. Ya sake. Idonsa a kan kunyar da ba mu ƙarasa ba, yana neman ya koma wurinsa kusa da Ɓaleri. Dije ta jefar da ƙwaryar iri tana salati. Sai da na kwanta a kan wuyansa, ta ɗaure masa ƙafafu da zanenta, sannan ya tsaya. Yana kwance a laka yana tuƙa.

Na aika Kibiya aka buga wa Dakta Rabi waya. Ta iso kafin azahar. Kafin ita kuwa mutane sun cika gonar, har mahauta biyu da wuƙaƙensu da kwanoni. Labari ya bazu cewa sa ya faɗi a gonar Sale. Wasu a cikinsu rabonsu da nama tun layya. An ɗauko Baffa a amalanke an zaunar da shi kusa da kan san.

Dakta Rabi ta tsuguna ta duba ƙafar, ta duba wuyansa inda karkiya ta goge gashi. Garma tana nan a kafe a ƙasa, babu abin ɓoyewa. Duk da haka ta tambaye ni.

"Malam Sale, kwana nawa?"

Na ce, "Yau ne kawai na gwada."

Ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya. "Ba faɗa zan yi maka ba. Akwai wani sa a Yalwa, tun da muka fara ba a kwance shi daga turke ba, shi ma gwiwarsa tana lalacewa. Dole in san abin da aiki ya yi da abin da magani ya yi. In ka ba ni ƙarya, ƙarya zan rubuta, wata rana a yi wa irin su Baba allura a kanta."

Na ce, "Kwana huɗu, yau na biyar. Tun asuba har la'asar."

Ta rubuta.

Baffa ya ce a ba shi wuƙa. Na ce zan yi, ya ce a'a. Maza huɗu suka danne san, aka juya shi gabas, Baffa ya ja jiki a kan laka da gwiwoyin nan nasa, ya raɗa masa wani abu a kunne da ban ji ba, ya yi bisimilla ya yanka. Mahauta suka matso.

Dakta Rabi ta shiga tsakani. Ta ce naman nan ba a ci, maganin yana cikin jininsa, ba wanda ya san abin da zai yi wa mutum. Wurin ya ɗauki hayaniya. Wani dattijo ya ce yankakke ne, halal ne, wuta tana kashe komai. Wata mata ta ce a ba ta ko hanji ne, in mutuwa ce ai yunwa ma tana kisa. Babban mahaucin ya ce to a bar masa fata. Ta ce fatar ma a'a, kada ta ƙare a tukunyar wani a matsayin ganda. Sai aka fara zaginta. Ta tsaya, hawaye yana zuba, ba ta matsa ba.

Baffa ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sana ne. Na yi alkawari uku, an karya ɗaya a gidana. Ba za a karya na biyu ba. A haƙa rami."

Dakta Rabi ta yanke gwiwar da kanta, ta naɗe ta sa a cikin kula mai ƙanƙara. Mu kuma muka haƙa. Ƙasar ta jiƙa, ramin yana tara ruwa muna kwashewa, har la'asar. Mutane ba su watse ba. Suna tsaye suna kallo muka mirgina bijimi mai ƙiba cikin rami, aka tuttula masa kalanzir don kada wani ya zo ya tone, muka mayar da ƙasa. Ba wanda ya kama mana sai mutum biyu. Akwai waɗanda suka yi wata ba su amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ragowar gonar da garmar hannu muka ƙarasa, ni da Dije, kwana tara. Ta nan dawar ba ta nuna ba, ruwa ya ɗauke ta tana ɗanya, sai kara muka samu. Dusa ta daina zuwa. Watan da ya biyo baya tafasa da rama muka ci, har bakin yara ya yi kore. Na sayar da Ɓaleri kafin kaka. Inda Daneri ya huɗe ne ya yi, shi ya kai mu wata daminar da ƙyar. Baffa bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Ya daina fita turke ne kawai.

Bayan an gama girbi Dakta Rabi ta dawo, ita kaɗai. Ta rame. Ta zauna a zaure ta ce an buɗe takardu, Daneri yana cikin waɗanda suka sami maganin gaske. Ta ce an dakatar da gwajin. Maganin yana kashe ciwo fiye da duk abin da suka taɓa gani, amma gaɓɓan wasu shanun sun ruɓe da sauri, har da waɗanda ba su yi aikin komai ba. Ta ce da ta buɗe gwiwar Daneri babu sauran guringuntsi, ƙashi ne yake cin ƙashi.

Na yi wata huɗu ina ɗauke da tambaya ɗaya. Na ce, "Dakta, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na kashe shi, ko maganinku?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malam Sale. Mai yiwuwa da ya faɗi ko a turke. Mai yiwuwa da yana nan har yanzu. Duka biyun na rubuta."

Na so ta ce ni ne, in san abin da zan nemi gafara a kansa. Ko ta ce ba ni ba ne, in sami barci. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Na buɗe baki zan faɗa mata maganar da ba ta dace ba, a kan masu zuwa da mota su gwada abu a jikin dukiyar talaka su tafi.

Baffa ya riga ni. Daga inda yake jingine ya ce, "Sale, tashi ka ɗaure mata dami ɗaya na dawa. Ta yi tafiya mai nisa don ta gaya mana gaskiya."

Ta ce, "Baba, ba zan iya karɓa ba. Na san abin da ke cikin rumbunku."

Ya ce, "Mu ma mun sani. Ki karɓa."

Na tashi na shiga rumbu na ɗauko, na kai har mota.